A tambaye mu mana, amma wa zai rubuta tambayar?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka, don Allah a ɗan sam min fili in amayar da abin da ke cikina a kan wannan magana ta ƙuri'ar raba gardama da ake ta yi tun da aka sake tado da batun gyaran kundin tsarin mulki da neman sababbin jihohi. Ni dai ɗan kasuwa ne, albasa nake saukewa daga Arewa ina sayarwa a nan Legas, zamana a Agege ya haura shekara ashirin, boko kuma iyakata sakandare, sauran duk rediyo da jarida ne suka ƙarasa ni, saboda haka lauyoyi su yi min afuwa in na taka musu ƙafa.

Abin da ya sa na ɗauki waya na fara wannan rubutu, musu ne ya kaure a teburin mai shayinmu ranar wata Lahadi bayan Isha'i. Akwai wani yaro ɗan kirki da ke jan keke, da can acaba yake yi, shi ne ya dire kofi ya ce, "Alhaji wallahi ni da za a bi tawa a rufe majalisar nan kowa ya huta, duk abin da za a yi a ƙasar nan a turo mana ta waya mu danna eh ko a'a, tunda yanzu kowa na da waya, me za mu yi da wasu mutane da sai bayan shekara huɗu muke ganin ƙeyarsu?" Nan take wuri ya ɗauka, gaskiya ne gaskiya ne, har mai shayin ya bar ƙwai a kasko yana ƙauri ya shigo maganar. Na ce masa ɗana, rabin maganarka gaskiya ce tsagwaronta, ɗaya rabin kuwa in aka bi ta kai za ta fara ci. To ba su bar ni na ƙarasa ba, ka san teburin shayi, wanda ya fi murya shi ke da gaskiya, shi ya sa na ce bari in kawo ta nan inda ba mai katse ni.

Ni yadda na fahimci wakilci daga sana'ata na fahimce shi. Ba ni zuwa Aliero da ƙafata duk lokacin da zan sayi albasa, ina da wakili a can, shi ke zaga gonaki da kasuwa, shi ke taya kaya, shi ke duba wadda ta bushe da wadda za ta ruɓe kafin mota ta wuce Jebba, kuma ba ya kirana a kan kowane buhu, in ma ya yi haka ni zan fara sallamarsa domin ban ɗauke shi don ya hana ni barci ba. Haka mutum sama da miliyan ɗari biyu ba za su taru a gindin bishiya ɗaya su tsefe kasafin kuɗi layi-layi ba, dole a tura wasu, shi ne muka tura sanatoci 109 da 'yan majalisar wakilai 360, ban da na majalisun jihohi 36. Har nan ba ni da ja. Amma ranar da wakilina zai sauya yarjejeniyar da ke tsakanina da shi, ya ƙara wa kansa la'ada, ko ya ce daga yau ba ni da ikon sallamarsa sai bayan shekara kaza, ko ya sayar da motar da nake ɗora kayan a kai, ai wannan ba maganar buhu ba ce kuma, dole ya kira ni, in ya yi gaban kansa sai mu haɗu gaban alƙali.

To mu a Najeriya wakilin ne ke riƙe da takardar yarjejeniyar, biro ma a hannunsa yake. Kundin tsarin mulkin da muke aiki da shi ya buɗe ne da cewa mu al'ummar Najeriya mu muka tsara wa kanmu shi, alhali kowa ya san da dokar soja mai lamba 24 ta 1999 gwamnatin Janar Abdulsalami Abubakar ta kafa shi, ba wanda aka kawo wa akwati aka ce ka yarda ko ba ka yarda ba. Ni lokacin da hankalina sarai, ba wanda ya tambaye ni. Sannan in za a gyara shi, sashe na 9 cewa ya yi sai an samu kashi biyu cikin uku na majalisar dattawa da na majalisar wakilai, sai kuma majalisun jihohi aƙalla 24 su amince, shi kenan, talaka ba ya ciki ko ta taga. Majalisun jihohin nan kuwa Edita kai ma ka sani, da yawansu numfashi ma sai sun waiwayi gidan gwamnati, har fa an taɓa kawo musu gyaran da zai ba su 'yancin riƙe kuɗinsu da kansu a 2010 suka kasa haɗa adadin da ake buƙata, mutum a ce ga 'yancinka ya ce a bari sai ya tambayi maigida. Taron ƙasa da Jonathan ya kira a 2014, wakilai 492 ƙarƙashin Mai shari'a Idris Kutigi, an kwashe watanni ana zama ana cin kuɗin zama, rahoto ya fito ya shige durowa, domin ba wata ƙofa a doka da za a bi a kai shi gaban jama'a kai tsaye. Kai ko taken ƙasa, wanda yaranmu ke rerawa kullum da safe a makaranta, a watan Mayun 2024 cikin mako guda aka sauya shi, sai ji muka yi 'ya'yanmu sun dawo gida suna wata waƙar daban. Ba ina cewa tsohon ya fi ko sabon ya fi ba, amma abin da aka ce na kowa da kowa ne ai da an ɗan tsaya an ji ta bakin masu shi. Saboda haka fushin yaron nan mai keke ba daga sama ya faɗo ba.

Abin mamaki ma, ba wai ba mu taɓa yi ba ne. A teburin nan namu akwai wani dattijo ɗan Mubi mai sayar da huluna da carbi, mutum ne da ba ya son hayaniya, sai da ƙura ta lafa ya ce mana shi mahaifinsa ya kaɗa irin wannan ƙuri'a, kuma da ita ce ya zama ɗan Najeriya. A watan Fabrairun 1961 Majalisar Ɗinkin Duniya ta shirya wa yankin Kamaru da ke hannun Ingila ƙuri'a, a zaɓa tsakanin Najeriya da Jamhuriyar Kamaru, ɓangaren arewa, wato su Mubi da Gwoza da Dikwa da Ganye har zuwa tsaunin Mambila, wajen kashi 60 cikin ɗari suka ce Najeriya, ɓangaren kudu kuma su Bamenda da Buea wajen kashi 70 suka ce Kamaru. Na arewan shi ya zama Lardin Sardauna, saboda irin faɗi-tashin da Sardauna Ahmadu Bello ya yi a kan lamarin, har gobe kuma akwai ƙaramar hukumar Sardauna a Taraba. Dattijon ya ce shi duk wanda ya yi masa gorin cewa ku ai 'yan Kamaru ne dariya yake yi, ya ce ku haihuwarku aka yi kuka tsinci kanku a ciki, mu kuwa zaɓa muka yi da hannunmu. Wallahi maganar ta shige ni. Amma dubi ɗaya gefen, su na kudun zaɓi biyu kawai aka ajiye musu, babu na uku na cewa su tsaya da ƙafarsu, ga shi yau shekara sittin da ɗoriya ana zubar da jini a yankin masu magana da Turancin Ingilishi na Kamaru, kuma cikin abin da suke ƙorafi a kai har da wannan tambaya da aka yi wa kakanninsu.

Bayan nan a watan Yulin 1963 aka yi wata, wadda ta ɓalle yankin Tsakiyar Yamma mai hedikwata a Benin daga Jihar Yamma. Daga ita ba a sake yanka wata jiha da ƙuri'a ba. Duk jihohin da muke tutiya da su soja ne ya yanka da wuƙarsa, Gowon ya yi 12 a 1967, Murtala ya kai su 19 a 1976, Babangida ya kai 21 sannan 30, Abacha ya cika 36 a 1996. Sashe na 8 ya tanadi ƙuri'ar raba gardama a kan ƙirƙiro jiha, sai kashi biyu cikin uku na mutanen yankin sun yarda, amma kafin a zo wurin da bayan an wuce shi akwai shingaye na 'yan majalisa da na sauran jihohi da tun 1999 ba buƙatar da ta taɓa tsallake su, shi ya sa in na ji ana tara kuɗi ana ɗinka anko ana cewa jiharmu na nan tafe sai in yi shiru kawai.

Mu mazauna Legas ma mun ga samfur a ƙofar gida. Lokacin da Tinubu ke gwamna aka bi matakai har da jin ra'ayin jama'a aka ƙirƙiro ƙananan hukumomi 37 a kan 20 ɗin da ake da su, Obasanjo ya ce bai san zance ba ya riƙe kuɗin ƙananan hukumomin jihar, aka tafi Kotun Ƙoli, a ƙarshen 2004 kotu ta ce ba shi da hurumin riƙe kuɗin amma su ma sababbin ba su cika ba sai majalisar tarayya ta shigar da sunayensu cikin kundi, abin da har yau ba a yi ba. Su ne waɗannan da ake ce wa LCDA, irin su Orile Agege da ke nan maƙwabtanmu, suna da ciyaman suna da kansiloli suna yanka mana rasit, amma a Abuja ba a san da su ba. Kuɗin ma sai zamanin marigayi 'Yar'aduwa aka saki. Sai kiranye, wato dawo da ɗan majalisa gida kafin wa'adinsa ya cika, wanda shi ma nau'in ƙuri'ar raba gardama ne, sashe na 69 ya ce sai sama da rabin masu rajista a mazaɓar sun sa hannu kafin hukumar zaɓe ta kira ƙuri'a, a ƙasar da zaɓen shugaban ƙasa na 2023 ko kashi 30 cikin ɗari na masu rajista ba su fito ba. An gwada a kan Sanata Dino Melaye, da aka zo tantance sa hannu a 2018 abin da ya tabbata bai wuce kashi 5 da ɗan ɗoriya ba, an gwada a kan Sanata Natasha Akpoti a 2025 hukumar ta ce sa hannun bai kai adadi ba. Duk biyun a Kogi, kuma duk biyun in ka saurari yadda aka faro su za ka ji ƙamshin faɗan manya ya fi na kukan talaka yawa. Har yau dai ba ɗan majalisar tarayya ko ɗaya da aka taɓa dawo da shi gida ta wannan hanya.

To yanzu ga rabin da na ce zai ci yaron nan, kuma a nan zan ɗan daɗe don shi ne ainihin abin da ya hana ni barci.

Shekarun baya a wata 'yar ƙungiyarmu ta masu sauke kaya, ba zan kama suna ba, an yi mana sata a rumfuna sau biyu a wata guda, rai ya ɓaci, ciyaman ya kira mitin. Ya sa mitin ɗin da sanyin safiya, daidai lokacin da motoci ke shigowa, rabin mutane suna can suna ƙirgar buhu da 'yan dako ba su samu zuwa ba. Ya miƙe ya yi doguwar addu'a, ya ce shi ba mai yanke hukunci shi kaɗai ba ne, jama'a su za su yanke, "duk mai son a kawo ƙarshen sata a layin nan ya ɗaga hannu." To Edita wa zai bar hannunsa a ƙasa a ce shi ne ɓarawon? Kowa ya ɗaga, ni har biyu na ɗaga don an kwashe min buhu huɗu. Sakatare ya rubuta an amince baki ɗaya, aka shafa fatiha aka watse. Mako na zagayowa sai ga rasit, kuɗin da muke biya a kan kowane buhu ya ninka, masu gadin da aka kawo kuma ashe yaran ƙanin ciyaman ne, da muka je muna ƙorafi ko ɗagowa bai yi ba daga littafin da yake dubawa ya ce, "Alhaji ai da kai aka ɗaga hannu, ni umarnin jama'a na bi." Ka ga da a ce shi kaɗai ya yanke da mun samu bakin magana, amma ya riga ya ɗaure mu da igiyarmu. Tun daga ranar in aka ce min za a tambayi jama'a, kafin in yi murna sai na ji wa ya tsara tambayar, wa zai ƙirga hannun, kuma wane lokaci aka sa.

Abin da ciyaman ɗinmu ya yi a rumfa shi marigayi Shugaba Tandja Mamadou ya yi a Nijar, ƙasa guda. Wa'adinsa na biyu na ƙarewa aka fara kiɗan tazarce, majalisa ta ƙi, ya rushe ta, kotun tsarin mulki ta ce abin da yake shirin yi haramun ne, ya rushe ta ita ma, ya ce shi jama'a zai tambaya. Ranar 4 ga Agustan 2009 aka yi ƙuri'ar, 'yan adawa suka ƙaurace, aka sanar da cewa sama da kashi 90 sun amince a ƙara masa shekara uku a kuma cire iyakar wa'adi. Wata shida da 'yan kwanaki, ranar 18 ga Fabrairun 2010, sojoji ƙarƙashin Salou Djibo suka kutsa fada suka ɗauke shi yana tsakiyar taron ministoci. 'Yan'uwanmu na Nijar da muke kasuwa tare da su a nan, 'yan Tawa da Maraɗi da Damagaram, har yau in aka tuno sai ka ji ana musu, wasu na cewa dattijon ya yi aiki, kuma ni ban musa ba, amma ƙarshen abin dai kowa ya gani. Alpha Condé na Gini ya bi sawu a 2020, shekara ɗaya da rabi soja suka yi awon gaba da shi. Mu kuwa a nan da aka zo da namu tazarcen na Obasanjo a 2006, ba akwatin raba gardama ne ya cece mu ba, waɗannan 'yan majalisar da muke zagi ne, ranar 16 ga Mayu majalisar dattawa ƙarƙashin Ken Nnamani ta yi fatali da ƙudurin gaba ɗaya, ana haska zaman kai tsaye a talabijin kowa na kallon sanatansa. Ka ɗauka da a lokacin akwai hanyar da fadar shugaban ƙasa za ta tsallake majalisa ta ce a je a tambayi jama'a, da irin zaɓen da aka yi mana a 2003 da 2007, wanda shi kansa 'Yar'aduwa ya amsa da bakinsa cewa zaɓen da ya kawo shi akwai gyara a ciki, kana ganin sakamakon me za a karanto mana a rediyo?

Sai kuma abin da ya fi shafarmu mu Hausawan Kurmi. Hausawa na cewa sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, kuma muna jin daɗin faɗin haka ne saboda a Kano ko Sakkwato mu ne yawan. A Legas fa? Na tambayi yaron nan, na ce lokacin da aka hana acaba a Ikeja da Surulere da Apapa da Eti-Osa da sauransu a watan Yunin 2022, ka ji zafi ko ba ka ji ba, ya ce Alhaji har yau ban farfaɗo ba. Na ce to wannan umarnin gwamnati ne, ana iya zuwa ta hannun sarakunan Hausawa da shugabannin ƙungiya a yi roƙo, ana iya zuwa kotu, wata gwamnatin na iya sassautawa, a mazaɓun da ƙuri'armu ke da nauyi ɗan takara kan zo har zango ya durƙusa ya yi alƙawari, ko bai cika duka ba ya cika wani. Masu son hanin ma ba za ka ce ba su da hujja ba, an yi haɗurra an yi ƙwace, gaskiya ɗaya ce. Amma ka ƙaddara an saka a akwati, an ce Legas gaba ɗaya ta danna eh ko a'a, kuma ba a tsaya kan acaba ba, an zo kan wa zai riƙe rumfa a kasuwa, wa zai sayi fili, kasuwar shanu ta zauna ko ta tashi, a irin lokacin da ake cikin zafin wani rikici kowa na tura wa kowa bidiyo a WhatsApp, ranar wa za ka kai wa kuka? Za a ce maka jama'a sun yanke, kamar yadda ciyaman ya ce min. Kuma kar mu yi dariya, Inyamuri da Bayerabe da ke Sabon Gari a Kano su ma haka za su ji in aka ce a saka zamansu a akwati, in ba ma so a yi mana a nan to kar mu so a yi musu a can.

Masu cewa ai a Turai ana yi lafiya lau, su dubi Suwizalan, wadda duk duniya ba ƙasar da ta kai ta yawan irin wannan ƙuri'a, kusan sau huɗu a shekara suke fita, mutum dubu ɗari in suka sa hannu cikin wata 18 dole a kawo buƙatarsu gaban jama'a. Tsari ne mai kyau ƙwarai kuma ya zaunar musu da ƙasa. Amma da wannan tsarin ne a watan Nuwamban 2009 kashi 57 da ɗoriya suka haramta gina hasumiyar masallaci, a ƙasar da gaba ɗaya hasumiya huɗu ce a cikinta a lokacin, kuma gwamnatinsu da majalisarsu duk sun ba da shawarar a ƙi, jama'a suka ce sai an yi. Da shi ne kuma maza suka hana mata ƙuri'a a 1959, sai 1971 suka yarda. Birtaniya kuwa a 2016 aka dunƙule maganar da ta shafi kasuwanci da iyaka da ma'aikata da kamun kifi da komai da komai aka mai da ita eh ko a'a, kashi 52 suka ce a fice daga Tarayyar Turai kashi 48 suka ce a zauna, Firaminista David Cameron da ya kira ƙuri'ar washegari ya ce ya sauka, aka bar majalisa da jidali sama da shekara uku tana neman sanin wace irin ficewa ma aka zaɓa, Theresa May da ta gaje shi ma abin ya ci kujerarta, sai ƙarshen Janairun 2020 aka fita. Su da ke da wutar lantarki da ilimi da ƙirge na gaskiya kenan.

Wanda ya burge ni shi ne na Kenya. A 2005 gwamnatin Mwai Kibaki ta kawo daftarin tsarin mulki, aka sa ayaba alamar eh lemu alamar a'a don wanda bai yi karatu ba ma ya gane, jama'a suka duba suka ga an bar wa shugaban ƙasa iko fiye da kima suka ce lemu, gwamnati ta sha kaye a ƙuri'ar da ita ta kira. Aka koma aka sake zama, bayan an sha wuyar rikicin zaɓen 2007, a watan Agustan 2010 aka kawo sabo, wajen kashi biyu cikin uku suka amince. Wannan ita ce ƙuri'ar da ta amsa sunanta, wadda mai mulki zai iya faɗuwa a cikinta. Gana ma a Disamban 2018 da za ta ƙara yankuna shida sai da ta tambayi mutanen wuraren, ba a yi da bakin bindiga ba.

Saboda haka ni roƙona ga 'yan majalisarmu, musamman masu kwamitin gyaran nan da ke zagaya shiyyoyi suna zaman jin ra'ayi a manyan otal-otal inda irina ko get ba zai wuce ba, su buɗe ƙofa a sashe na 9, in sun gama nasu aikin su da majalisun jihohi, duk gyaran da ya taɓa tushe, irin wa'adin mulki da rabon iko tsakanin tarayya da jihohi da 'yan sandan jiha da yanka sabuwar jiha, a kawo mana mu sa hannu a ƙarshe. Su fara, mu rufe, kada a ba shugaban ƙasa ko gwamna ikon ya tashi da safe ya kira ƙuri'a don majalisa ta ƙi masa abu, wannan ita ce ƙofar da Tandja ya bi. Tambayar kuma kada wanda zai ci moriyar amsar ya rubuta ta, a fito da ita watanni kafin ranar, a fassara ta da Hausa da Yarbanci da Ibo da Fulatanci da Kanuri da sauransu a karanta a rediyo, kuma kada a cusa abu goma a buhu ɗaya a ce ka ɗauka duka ko ka bari duka, mu 'yan albasa mun san wannan dabarar, manya a sama ruɓaɓɓu a ƙasa. Rinjayen ma kada ya zama na yawan kai kaɗai, a ce sai an samu a yawancin jihohi, kamar yadda shugaban ƙasa ba ya cin zaɓe sai ya samu kashi ɗaya cikin huɗu a kashi biyu cikin uku na jihohi, don kada Arewa ta danne Kudu da yawa ko Kudu ta danne Arewa. Haƙƙin mutum na ya yi addininsa, ya zauna inda ya ga dama a ƙasarsa, ya nemi halalinsa, wannan kam a sa masa kwaɗo, ko mutum miliyan nawa suka sa hannu kada ya shiga akwati. Farashin mai da haraji da kasafin kuɗi kuwa a bar wa waɗanda muke biya albashi su yi, in ka tambaye ni ko ina son haraji ai ka san amsata tun kafin ka rufe baki, in sun yi ba daidai ba mu haɗu da su ranar zaɓe, a kuma sassauta sharaɗin kiranye yadda zai yiwu ba tare da ya zama sandar da gwamna zai riƙa dukan abokin faɗansa da ita ba.

Yaron nan mai keke na karanta masa wannan kafin in turo, ya ce Alhaji duk na ji amma ni har yanzu ban ga amfanin sanatana ba, na ce ka san sunansa, ya yi shiru, ya ce ai shi katinsa ma na can gida Jigawa bai taɓa mai da shi Legas ba. Mu kuma ƙungiyarmu an sake kiran mitin ranar Asabar mai zuwa, sabon ciyaman ya ce akwai muhimmiyar magana da yake so a ɗaga hannu a kanta, na ce masa ya rubuta ta a takarda ya manna a ƙofar ofis tun yanzu kowa ya karanta, a kuma mai da mitin ɗin bayan La'asar lokacin da an gama sauke kaya. Ya ce in sha Allahu. Yau Laraba, na biya ta ƙofar ofishin da safe, ba a manna komai ba.

Na gode Edita, Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Naku,
Mai karatunku ɗan albasa,
Agege, Legas.